Dairek, sta-delta, sof-stata ko inbata: wanne ya dace ya tayar da babban motonka?

Duk mai injin casar shinkafa, ko na matse man gyaɗa, ko babban famfon ban ruwa a Gombe da kewayenta ya san abin da ke faruwa idan yaro ya danna koren maɓalli. Fitilun wurin su dusashe, janareta ya yi nishi ya feso baƙin hayaƙi, bel ya yi ƙara a kan fuli, sannan komai ya daidaita. Abin bai wuce sakan biyar zuwa goma ba, amma a cikin waɗannan sakanni ne kayan aiki suka fi shan wahala. Daga nan ake fara neman mafita, kuma daga nan ruɗani ke shigowa: mai gyaran wuta ya ce a sayi sof-stata, mai shago a Sabon Garin Kano ya ce inbata mai sarrafa gudun moto ce maganin komai, wani tsohon hannu kuma ya ce ai sta-delta ta riƙe masana'antu shekara da shekaru, me za a canza?

Kowannensu yana da gaskiyarsa. Ni dai ra'ayina shi ne, sof-stata na'ura ce mai kyau ƙwarai, amma aikinta na 'yan sakannin tashi da tsayawa ne kawai. Wanda ya saye ta don wannan zai ji daɗinta. Wanda ya saye ta don ta rage masa kuɗin wuta, ko ta gyara masa wutar da ba ta da ƙarfi, ya yi asarar kuɗinsa.

Abin da ke faruwa a cikin moto lokacin tashi

Wutar masana'anta a ƙasar nan layi uku ce, tsakanin kowane layi biyu akwai bolt 400 zuwa 415, kuma tana kaiwa da komowa sau 50 a sakan. Layukan uku ba sa kai ƙololuwa a lokaci guda, kowanne yana bin bayan ɗan'uwansa da tazarar digiri 120. Wannan bin juna shi ke haifar da maganaɗisu mai zagayawa a cikin koyil ɗin moto, shi kuma ya ja rota, wato ɓangaren da ke juyawa a tsakiyar moto, ta bi shi. A moto mai fol huɗu, wato mai kawunan maganaɗisu huɗu, wanda shi ya fi yawa a injinanmu, maganaɗisun yana zagaye 1,500 a minti, rota kuma tana ɗan baya kaɗan, wajen 1,450 zuwa 1,470.

Idan rota tana gudu, tana haifar da wani ƙarfin wuta da ke tura wutar shigowa baya, shi ya sa moto ke shan daidai gwargwado. Idan tana tsaye cik babu wannan turawar, sai moto ya zuƙi ninki shida zuwa bakwai na abin da ke rubuce a farantinsa. Kamar mai tura kurar ruwa ne cike da jarkoki: duk wahalar tana wajen motsa ta daga tsaye, da ta fara mirginawa sai hannu ɗaya ma ya isa. Moto mai kilowat 30, wato ƙarfin doki 40, yana shan kusan amfiya 55 a cikakken aiki. A lokacin tashi yakan ja 330 zuwa 385. Da wannan moton zan riƙa misali har ƙarshe.

Akwai ƙa'ida guda da ya kamata ka riƙe, don duk gardamar a kanta take. Ƙarfin juyin moto ba ya sauka daidai da saukar bolt, ninkin kansa yake bi. Ka rage bolt zuwa kashi 70 cikin 100, ƙarfin juyi ya koma kashi 49. Ka rage shi zuwa rabi, ƙarfin ya koma kwata. Saboda haka duk na'urar da ke rage zuƙar wuta ta hanyar rage bolt, tana rage wa moto ƙarfin ɗaga kaya, kuma ragewa mai yawa.

Ma'aunin da za a yi zaɓi da shi

Kafin ka tambayi farashi, tambayi kanka abubuwa shida.

Na farko, wane irin kaya moton yake juyawa, kuma a wane hali yake tashi? Famfo da fanka suna tashi da sauƙi, nauyinsu yana ƙaruwa ne yayin da gudu ke ƙaruwa. Injin niƙa mai guduma da injin fasa dutse suna da ƙarfe mai nauyi da ke ɗaukar lokaci kafin ya kai gudu. Injin matse man gyaɗa kuwa, idan wuta ta ɗauke da tunkuza a cikinsa ta huce ta daskare, tashinsa wani babi ne daban.

Na biyu, daga ina wutar take zuwa? Mai taransifomarsa ta kansa daban yake da wanda ke raba ta unguwa da gidaje, kuma dukansu daban suke da mai janareta. Wannan tambaya ta fi nauyi a yankinmu. Kamfanin JED ne ke raba wuta a Gombe da Bauchi da Filato da Binuwai, kuma babban layin da ke kawo ta Gombe mai kilobolt 330 daga Jos yake tasowa. Da ɓarayi suka kayar da turakunsa a watan Afrilun 2024, an yi makonni ana fama, masana'antu suka koma kan man dizal. Don haka duk zaɓin da ba a auna shi da janareta ba, rabin lissafi aka yi.

Na uku, aikin yana buƙatar canza gudu, ko gudu ɗaya ne daga safe har dare? Na huɗu, kuɗi: na saye, na haɗawa, da na gyara. Na biyar, juriya ga zafin Maris da Afrilu da ke kai digiri 40, da ƙurar hunturu, da ƙaiƙayi da dusa, da tsawar damina. Na shida, idan abin ya lalace ranar Talata da rana buhunan mutane na jibge, wa zai gyara, kuma a ina za a samu kayan?

Dairek

Kontakta ɗaya, wato makunnin da ke jona moto da wuta, obalod ɗaya mai yanke wuta idan moto ya ja fiye da kima, maɓalli biyu. Ana jona moto kai tsaye da cikakkiyar wuta. Babu abin da ya kai shi araha, babu mai gyaran da bai iya shi ba, kayansa kuma suna nan a kasuwar Gombe da ta Bauchi. Zafi da ƙura ba sa damunsa sosai, kuma shi ke ba moto dukan ƙarfin tashinsa. Aibinsa shi ne dukan zuƙar nan ta ninki shida zuwa bakwai da kuma fizgar da ke cin bel, kofulin da giya. A motonmu na misali, zuƙar tashi ta kai kusan kVA 250 na ɗan lokaci a ma'aunin da ake faɗin girman janareta da shi, abin da ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Ga moto daga kilowat 7.5 zuwa ƙasa, a mafi yawan wurare ba na ganin dalilin wuce dairek.

Sta-delta

Nan kontakta uku ne da taima da obalod. Da farko ana haɗa koyil ukun a siffar tauraro, wato sta, sai kowanne ya samu bolt 230 zuwa 240 maimakon 400 zuwa 415, wato kashi 58 cikin 100. Bayan 'yan sakanni taima ta mayar da haɗin zuwa delta, wato siffar kusurwa uku, moto ya samu cikakkiyar wuta. Zuƙar tashi tana sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin juyi ma haka. Motonmu zai ja amfiya 110 zuwa 130 a matakin farko.

Ga wani abu da masu tallar sof-stata ba su cika faɗa ba: a matakin sta, wannan tsohuwar hanya ta fi sof-stata ba da ƙarfi a kan kowace amfiya da aka ja daga layi. Da ninki biyu na wuta tana ba da sulusin ƙarfi. Sof-stata kuwa, idan aka takaita ta a ninki uku, kwatan ƙarfi kawai take bayarwa. Don haka kada wani ya raina maka fanel ɗinka na sta-delta idan injinka a wofi yake tashi kuma yana kai gudu kafin taima ta juya.

Matsalarta a wajen juyawar take. Akwai ɗan ƙiftawar ido da moto ke rabuwa da wuta gaba ɗaya, sannan a sake jona shi a delta. Idan bai kai kusan cikakken gudu ba a lokacin, zuƙar da za ta biyo baya tana iya kusantar ta dairek, wani lokaci ma ta ɗara ta na ɗan taƙi. Ka tsaya kusa da fanel ka saurara: ƙarar farko ta kontakta, gurnanin moto yana hawa, sai ƙara ta biyu mai ƙarfi, allurar mita ta yi tsalle, fitila ta sake lumshewa. Wannan tsalle na biyu shi ke kashe janareta a wurare da dama, mai wurin kuma yana mamakin yadda ya sa sta-delta amma bai tsira ba. Sannan ba ta da saiti: sulusi ne, ko ya isa ko bai isa ba.

Sharuɗɗa biyu kafin ka saya. Dole moton ya zama mai bakin waya shida a akwatinsa, kuma a ja kebul shida daga fanel. Dole kuma farantinsa ya nuna 400/690. Moton da aka rubuta wa 230/400, wanda ya yawaita a ƙananan motoci, an yi shi ne ya zauna a sta a kan wutarmu, idan aka juya shi delta koyil zai ƙone. Ta fuskar kuɗi ita ce ta biyu a araha. Ta fuskar gyara kuwa babu kamarta a cikin masu rage zuƙa: kontakta ta ci baki a canza, taima ta mutu a canza, a ci gaba da aiki a ranar. Abin tsoro kawai shi ne jabun kontakta masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, waɗanda bakinsu ke narkewa ya manne.

Sof-stata

A cikinta babu abin da ke motsi a lokacin tashi. Kowane layi yana bi ta cikin tairista biyu da aka haɗa kai da ƙafa, ɗaya tana wuce wuta idan ta tafi, ɗaya idan ta dawo, jimilla shida. Tairista ƙofa ce da ba ta buɗewa sai an ba ta umarni, kuma tana rufe kanta duk lokacin da wuta ta sauko sifili. Allon da ke cikin na'urar yana jinkirta umarnin a kowane rabin zagaye, wato sau 100 a sakan a kowane layi. Da farko yana buɗe ƙofar a makare, moto ya samu ɗan yanki na igiyar wutar. A hankali yana matso da lokacin buɗewa gaba, bolt na hawa babu tsalle, har ƙofar ta zama a buɗe gaba ɗaya. Daga nan wata kontakta ta kewaye, wadda yawancin na zamani ke zuwa da ita a ciki, ta ɗauke wutar daga kan tairistocin su huta. In babu wannan kewayen, na'urar motonmu za ta riƙa fitar da zafin kusan wat 200 a cikin fanel duk yini. Akwai masu araha da ke sarrafa layi biyu kawai su bar na uku ya wuce kai tsaye. Suna aiki a kan famfo da kaya marasa nauyi, amma zuƙar layukan ba ta zuwa daidai a lokacin tashi.

Daɗinta yana cikin saiti. Kana zaɓar bolt ɗin farawa, galibi tsakanin kashi 30 zuwa 70. Kana zaɓar tsawon lokacin hawa. A masu kyau kana sa iyakar zuƙa, misali ninki uku da rabi, na'urar ta riƙe nan ba ta wucewa, wato motonmu ya tsaya wajen amfiya 190. Wasu suna da ɗan bugun farko na ƙasa da sakan ɗaya don ɓalle kayan da ya manne. Sannan akwai tsayawa a hankali, wanda dairek da sta-delta ba su da shi ko kaɗan. Ga mai famfon da ke tura ruwa ta dogon bututu, irin na gonakin rani a Dadin Kowa ko na cika babban tanki a kan tudu, wannan kaɗai ya isa dalilin saye. Idan aka yanke wa famfo wuta farat ɗaya, ruwan da ke gudu yana dawowa ya daki bawul, bututu ya yi ƙara ya girgiza, a kwana a tashi mahaɗa ta tsage. Sof-stata tana sauke shi sannu a hankali, bawul ya rufe babu duka.

Yanzu ga abin da ba ta yi. Ba ta taɓa saurin kaiwa da komowar wuta, 50 ta shiga 50 ta fita, don haka ba ta canza gudun moto. Da zarar kewaye ya kama, ita da waya ba su da bambanci, mitarka kuwa tana karanta abin da ta saba karantawa. Ba ta ƙara bolt, ragewa kaɗai ta iya. Idan wutar da ke zuwa maka 350 ce, ba za ta mayar da ita 400 ba, sai ma ta ƙi tashi ta nuna maka laifi a fuskarta. Kuma tsawaita lokacin hawa ba alheri ba ne kullum. Na ga wuraren da aka sa bolt ɗin farawa ƙasa ƙwarai da niyyar tausaya wa janareta, sai moto ya tsaya yana gurnani bai motsa ba har sakanni da yawa, yana shan wuta yana mayar da ita zafi. Saiti mai kyau shi ne shaf ya fara juyawa nan take da aka danna maɓalli.

A wajen sumo na rijiyar burtsatse abin ya fi tsanani. Boris ɗin da ke ɗauke da nauyin famfon a ƙasa da ruwa yake samun santsi, kuma sai gudu ya kai wani mataki santsin ke samuwa. Shi ya sa masu ƙera irin waɗannan motoci ke gindaya cewa hawan kada ya wuce kamar sakan uku. Wanda ya sa wa sumo sakan ashirin yana cin boris ɗinsa ne a ƙasan rijiya inda ba ya gani.

Wajen girma, da amfiyar farantin moto ake zaɓa, ba da ƙarfin doki da mai shago ya faɗa ba. Kaya mai nauyin tashi, irin injin niƙa mai guduma ko na fasa dutse, a ƙara mataki ɗaya sama. Yawancinsu an auna su ne a kan zafin digiri 40, abin da ya haura haka ana rage musu ƙarfi a kowane digiri, wasu kusan kashi 1 cikin 100, wasu kashi 2. Ka tuna cewa cikin fanel na ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Akwai kuma iyakar yawan tashi a awa, da dama 10 ne, saboda a tashi ne tairista ke ɗaukar zafi. A ranar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, yaron da ke danna maɓalli a jere ba hutu zai iya gamawa da ita.

Haɗarinta guda uku ne, kuma ina so mai wuri da kansa ya san su, ba mai gyara kaɗai ba. Tairista ko a rufe take tana ɗan yoyon wuta, saboda haka bakin moto yana iya zama da wuta alhali injin a kashe yake: kada kowa ya sa hannu sai an sauke bireka. Kafasitocin gyaran wuta ba a haɗa su a tsakanin sof-stata da moto, suna kashe tairista. Sannan mai auna koyil da mega, mitar gwada lafiyar rufin waya, ya cire wayoyin daga jikin na'urar tukuna. Tsawa ma abokiyar gaba ce, kariyar tsawa a bakin fanel da kyakkyawan as, wato wayar da ake binnewa a ƙasa, ba ado ba ne.

Farashinta ya ɗara na sta-delta, amma tazarar tana raguwa yayin da moto ke girma, domin kebul uku kawai take buƙata kuma manyan kontakta uku na asali su ma ba araha ba ne. Daga waje ake shigo da ita, don haka tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 farashin yana bin Dala, a tambaya a ranar saye. Sunayen da aka fi sani su ne Altistart na Schneider, da PSR da PSE da PSTX na ABB, da jerin 3RW na Siemens, da SSW na WEG, ga kuma na China masu sauƙin kuɗi. Gyara shi ne rauninta a nan: idan allo ya mutu ko tairista ta harbe, sau da yawa sai an aika Kano ko Legas. Shawarata ita ce a bar kontaktar dairek ko tsohon fanel a gefe, a haɗe yadda za a iya komawa kansa cikin awa guda.

Inbata mai sarrafa gudu

A kwalinta za ka ga an rubuta VFD. Ita ba yanka igiyar wuta take yi ba. Tana mayar da wutar layi uku zuwa wuta miƙaƙƙiya, ta tara a manyan kafasitoci, sannan ta sake ƙera sabuwar wuta mai layi uku da saurin da take so. Tana fara moto daga ɗan ƙaramin sauri tana hawa da shi, bolt da sauri suna tafiya tare, shi ya sa take ba da cikakken ƙarfin juyi da zuƙar da ba ta wuce ninki ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Motonmu zai tashi da amfiya 55 zuwa 85. A wannan fage babu mai kama ƙafarta, kuma ita kaɗai ce ke iya tayar da kaya mai nauyi a kan janareta da bai fi moton girma sosai ba.

Ita ce kuma kaɗai ke rage kuɗin wuta da gaske, amma a kan famfo da fanka, kuma sai idan aikin ya yarda a rage gudu. A irin waɗannan, saukar da gudu zuwa kashi 80 yana iya mayar da shan wuta kusan rabi. Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai kuɗin Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawan awanni, Naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, wannan lissafi ya zama abin dubawa ga mai famfon da ke aiki awanni da yawa da bawul a rabin rufe. Ribar tana raguwa idan ruwan daga zurfi ake ɗago shi, don akwai gudun da in an sauka ƙasa da shi ruwa ba zai iso sama ba. A injin da ke gudu ɗaya cike da kaya kuwa babu riba, ita kanta inbatar tana cin kusan kashi 3 cikin 100, wato zafin kusan wat 900 a motonmu, kuma duk yini, tunda ba ta da kewaye.

Wannan zafin shi ne tushen rauninta. Tana shaƙar iska da fanka ba dare ba rana, a wurin casar shinkafa kuwa iskar ƙaiƙayi ce da dusa. Kafasitocinta suna tsufa da zafi, ƙa'idar da aka sani ita ce ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsu biyu. Tana son ɗaki mai tsabta ko fanel mai matatar iska da ake sharewa. Tana ɓata siffar wutar da take ja, abin da kan rikita AVR, na'urar daidaita bolt, na wasu janareta, kuma idan kebul zuwa moto ya yi tsawo sosai tana buƙatar matata don kada ta ci rufin koyil, musamman moton da aka sha yi wa sabon naɗi. Moton da aka daɗe ana gudanarwa a ƙaramin gudu shi ma yana zafi, don fankar bayansa a jikin shaf take. Kuɗinta a manyan motoci kan kai ninki biyu ko uku na sof-stata, masu iya saita ta da gyara ta kuma ba su da yawa.

| Ma'auni | Dairek | Sta-delta | Sof-stata | Inbata |
|---|---|---|---|---|
| Zuƙar tashi | ninki 6 zuwa 7 | ninki 2, da tsalle a juyawa | ninki 3 zuwa 4 | ninki 1 zuwa 1.5 |
| A moto mai kilowat 30 | amfiya 330 zuwa 385 | amfiya 110 zuwa 130 | amfiya 165 zuwa 220 | amfiya 55 zuwa 85 |
| Ƙarfin juyi a tashi | cikakke | sulusi | ragagge, ana saitawa | cikakke |
| Tsayawa a hankali | babu | babu | akwai | akwai |
| Canza gudu | babu | babu | babu | akwai |
| Kuɗin saye | mafi araha | mai sauƙi | matsakaici | mafi tsada |
| Zafi da ƙura | yana jurewa | tana jurewa | da dama, in da kewaye | ba ta so |
| Gyara a gida | ko'ina | ko'ina | da wuya | da wuya ƙwarai |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Mai ƙaramin injin markaɗe ko niƙa, ko famfon gidan fiya wata da bai wuce ƙarfin doki 10 ba, ya tsaya a dairek, ya kashe rarar kuɗin a kan kontakta da obalod na asali.

Mai casar shinkafa da ke tayar da injinansa a wofi, ɗaya bayan ɗaya, babba da farko, kuma yana da taransifoma ko janareta mai yalwa, sta-delta ta ishe shi. Ya sa a saita masa taima da mita a hannu, a juya lokacin da zuƙa ta sauko, ba da ka ba. Idan bel na yawan tsinkewa, ko tsallen juyawa na durƙusar da janareta, to lokacin sof-stata ya yi.

Mai babban famfon saman ƙasa da dogon bututu, da mai bel ɗin jigilar kaya, da mai babbar fanka ko kwamfiresa mai gudu ɗaya, da duk wanda motonsa bakin waya uku ne kawai: waɗannan su ne mutanen sof-stata. A nemi mai kewaye a ciki, mai iyakar zuƙa, mai sarrafa layi uku in aljihu ya kai.

Mai matse man gyaɗa ya yi hattara da duk abin da ke rage bolt. Idan al'adar wurin ita ce a kwance bakin injin a fitar da tunkuza kafin a sake tashi, sof-stata mai mataki ɗaya sama za ta yi. Idan ana son tayar da shi a cushe, sai dairek a kan wuta mai ƙarfi ko inbata mai ɗaukar kaya mai nauyi, wadda kuma za ta ba shi damar daidaita gudun matsa.

Mai sumo babba a kan ƙaramin janareta, ko mai son haɗa shi da sola, ko mai famfon da buƙatar ruwansa ke hawa da sauka a yini, ya tafi ga inbata, ya gina mata wuri mai iska kafin ta iso.

Wanda kuwa matsalarsa ita ce wuta mara ƙarfi ko layi ɗaya da ke yawan faɗuwa, babu ɗaya cikin huɗun nan da zai warkar da shi. Moton da ya rasa layi ɗaya yana ci gaba da juyawa a kan biyu har koyil ya gasu, kuma ɗan bambancin bolt tsakanin layuka yana zama bambancin amfiya ninki shida zuwa goma. Kafin a sayi komai, a sa mai gyara ya auna bolt na layukan uku da safe, da rana, da kuma bayan magariba lokacin da unguwa ta kunna kaya, a rubuta a takarda. Idan fanel ɗin dairek ne ko sta-delta, a ƙara masa rile mai gadin layi, wanda ke yanke wuta idan layi ya faɗi, ko ya juya, ko bolt ya sauka. Kuɗinsa bai kai na naɗin babban moto sau ɗaya ba. Da wannan takarda, da hoton farantin moto, da girman janareta a hannu ake zuwa shago.